Kwanonmu Ni da Auta

A gidanmu ba a zuba wa mutum abinci shi kaɗai sai in baƙo ne ko majinyaci. Baba yana da akushinsa da ake kai masa zaure ya ci da maƙwabta. Yayyenmu maza biyu kwanonsu ɗaya. Ni da ƙanwata, autar gidan, namu ɗaya ne, wata tsohuwar langa mai zanen fure wadda murfinta ya lotsa. Inna takan ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Ban taɓa jin wanda ya yi mata gardama ba, don haka ake yi a ƙauyenmu da duk ƙauyukan da ke tsakaninmu da Funtua.

Akwai wata ƙa'idar kuma. Ba a kallon bakin mai ci. Ƙirga wa mutum loma rowa ce, ko da ɗanka ne. Saboda haka Inna ba ta tsayawa a kanmu. In ta kwashe tuwo bayan magariba ta saka mana malmala biyu, sai ta koma gindin murhu ta ci nata. Kwanon take dubawa in ya dawo. In ya dawo wanke, 'ya'yanta lafiya lau suke. In an rage, sai ta fara taɓa goshi tana tambayar wa ke jin zazzaɓi.

Ni kuwa Allah ya yi ni da ci, ba zan ɓoye ba. Ina ci kamar ana zubawa a rijiya, ga shi ba na ƙiba, siririya ce ni kamar karan dawa. Auta kuma ko ruwa ta sha sai ya zauna a jikinta. Tun tana ƙarama take da kumatu da damatsa, mata na ɗaukar ta suna cewa tubarkalla. A wajenmu ƙiba ba aibi ba ce, shaidar cewa rumbun gidanku bai taɓa yin ƙasa ba ce. Akwai 'yan matan da ke zuwa kemis su sayi ƙwayar sa ƙiba don su samu abin da Auta ta samu kyauta.

Tana da shekara goma sha biyar, ni ina da sha takwas, aka sa bikin 'yar wata goggonmu a Malumfashi. Aka fitar da anko, muka je gidan tela ita da ni da wasu 'yan'uwa. Telar ta zagaya ta da igiyar awo, ta yi dariya ta ce yadin da aka yanko ba zai ishe ta ba, sai an ƙaro. Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Ai wannan buhun Dandume ce, sai ƙarti biyu ke ɗaga ta." Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar hatsi ta Dandume ya san irin buhunan da nake nufi. Ɗakin ya kwashe da dariya, har Auta ta ɗan dara. Sunan ya bi ta gidan biki, daga nan ya bi ta makaranta tare da hoton da aka ɗauke ta a waya tana rawa. Ni har na manta na faɗa.

Bayan bikin da kamar wata biyu ta fara azumin Litinin da Alhamis. Baba ya ji daɗi ƙwarai. Ya sayo mata sabon hijabi har ƙasa da carbi mai ƙyalli, yana faɗa wa abokansa a zaure cewa autarsa ta fi yayyenta hankali. Daga nan ta ƙara da kwana ukun tsakiyar wata. Kafin damina ta yi nisa ta koma yau azumi, gobe hutu. Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a unguwar gabas, ta ce yarinyar nan da alama waliyyiya za a yi a zuri'armu. Wa zai hana yaro ibada? Ko Inna da ta ɗan yi ƙorafi, cewa ta yi kawai a riƙa yin sahur da kyau.

Ni kaɗai na san abin da ke faruwa a bakin langa. In mun zauna, sai ta gutsuri loma ƙarama kamar ta yaye, ta daɗe tana juya ta a miya. Can sai ta turo malmalarta ɓangarena da yatsa.

"Yaya, ci, ni na ƙoshi."

"Me kika ci da za ki ƙoshi?"

"Na ci awara a madafa. Don Allah kar ki gaya wa Inna, za ta yi ta faɗa."

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Na ci tawa, na ci tata. Ranar da aka saka nama, tsoka biyu duk ni ke cinyewa. In na gama na sa yatsa na suɗe kwanon tas, na kai wa Inna, ta duba ta ce madalla. Ranar farko na ɗauka alheri aka yi mini. Bayan wata ɗaya na daina tambayar ta ma, ina zama nake jawo rabonta. Jikina ya murje, wuyana ya cika, mata suka fara cewa ashe ni ma ina da rabon kyau. Na ji daɗin wannan magana, Allah ya sani na ji daɗinta.

Abin da ya ƙara rufe mana ido shi ne aikinta. Mai ciwo kwanciya yake yi, ita kuwa ba ta zama. Ita ce daka, ita ce jan ruwa a rijiya, ita ce kai abinci gona da ƙafa ko da akwai mai babur da zai kai. Inna tana yin awarar sayarwa, sai Auta ta karɓe suyar gaba ɗaya. Ta iya ta fiye da kowa. Takan zuba mini da yaji ta zauna tana kallona ina ci, tana tambaya ko gishiri ya ji. Duk wanda ya gan ta cikin hayaƙin mai daga safe zuwa azahar zai rantse ta ci ta ƙoshi. Hijabin da Baba ya sayo kuwa ba ta cire shi ko a tsakar gida, ana cewa kunya ce ta girma.

Ɗakinmu ɗaya, don haka na ga abubuwan da ya kamata su sa ni ihu. Ana tsakiyar zafin bazara, kowa na neman inuwa, ita tana sa rigar sanyi a ƙarƙashin hijabi. In ina yi mata kitso gashi na biyo hannuna. Watanni suka wuce ba ta ɗauki hutun salla ba ko sau ɗaya, na lura, na kuma yi shiru don na san abin da za a fara zato in na faɗa. Fara'arta ta tafi. Yarinyar da ke kwaikwayon tafiyar Goggo har mu riƙe ciki don dariya ta koma ba ta son magana, abu kaɗan sai kuka.

Wata rana da hantsi na shigo ɗaki na same ta gaban madubin Inna, ta tuɓe hijabi. Ƙasusuwan wuyanta sun fito, za ka iya zuba ruwa a ramin ya tsaya. Na ce, "Ke, kin ga yadda kika koma kuwa?" Sai ta kama fatar damtsenta da yatsu biyu ta ja.

"Na gani mana, Yaya. Dubi nan. Har yanzu bai tafi ba."

"Mene ne bai tafi ba?"

"Kitsen."

Na ɗauka shagwaɓa ce irin ta 'yan auta. Na yi tsaki na ce ta daina iskanci, na fita. Da magariba ta turo malmalarta, na ci.

Asiri ya tonu da kaka, shekara guda da 'yan watanni bayan bikin. An kawo masara daga gona an zube a tsakar gida, muna ɓarewa. Auta ta miƙe da kwando a kai, ta yi taku uku, ta zube. Inna ta rugo da buta, ta yaye hijabin don ta shafa mata ruwa. Ban taɓa jin irin salatin da Inna ta yi ran nan ba. Ta riƙe hannun yarinyar tana juya shi kamar ba ta san na wane ne ba.

"Yaushe? Yaushe haka ta faru? Ai kullum kwanonsu wanke yake dawowa!"

Ina tsaye a bayanta da masara a hannu.

Abin da ya biyo baya kowa a ƙasarmu ya san shi. Goggo ta ce sammu ne, an ga yarinya ta fi tsararrakinta ibada an yi mata baki. Wata tsohuwa ta ce aljani ne mai cinye abincin mutum a ciki. Aka karɓo rubutu, aka yi turare, aka yi tofi. Rubutun kam tana shanyewa ba musu, tunda ruwa ne. Aka sayo maganin sa cin abinci a kemis, tana karɓa ta ɓoye. Aka kai ta ƙaramin asibitin garinmu aka auna jini, aka duba taifot da tarin fuka da ciwon suga, har da ciwon nan da ba a son ambaton sunansa. Ba a samu komai ba. Limamin unguwarmu, Allah ya saka masa, shi ne ya fara faɗin gaskiya. Ya aiko a gaya mata ta ajiye azumin nan, addini bai ce mutum ya halaka kansa ba. Ta ce to. Ta daina kiran abin azumi, amma ba ta fara ci ba.

Baba ne abin ya fi ɗaure wa kai. Mutum ne da ya san yunwa, ya sha ba mu labarin shekarar da suka ci ganye tun yana yaro. A saninsa yunwa ta marar shi ce, a ba ta a huta. Wata safiya ya kama hannun Auta ya ja ta har bakin rumbu, ya buɗe.

"Dubi! Masara ce, dawa ce, waken suya ne. A gidan nan za ki mutu da yunwa? So kike a ce na kasa ciyar da ke?"

Ya ɗaga hannu zai mare ta, abin da bai taɓa yi ba, sai ya rasa inda zai sauke shi a wannan fuskar. Ya juya ya shige zaure. Washegari Goggo ta zo ta ce ita za ta yi maganin taurin kai. Ta sa aka riƙe yarinyar, ta yi mata ɗurar kunu yadda ake yi wa jarirai, ta toshe hanci tana zubawa. Ni na riƙe ƙafafun. Auta ta sarƙe, ta amayar, ta rarrafa ƙuryar ɗaki. Tun daga ranar in ta ji motsin kwano sai ta fara kuka.

A wani asibiti a Funtua muka haɗu da likitar da ta gane. Mace ce mai sanyin murya. Ta duba takardun gwajin da muka zo da su, ta fitar da mu duka, ta daɗe da Auta su biyu. Da ta kira mu, tambayar farko da ta yi ita ce, "Wa ke cin abinci tare da ita?"

Inna ta nuna ni da haɓa. Likitar ta juyo.

"Tun yaushe ta rage ci?"

Da zan iya ƙarya a wurin da na yi. Na ce tun daminar bara. Ta ce to abincin fa, ina yake zuwa? Na ce ni nake cinyewa. Ban ɗaga kai ba, amma na ji lokacin da Inna ta juyo ta dube ni.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ciwo ne sananne, ta kira sunansa da Turanci, anoreksiya. Ta ce ba a ciki yake ba, a tunani yake. Mai shi tsoron ƙiba ke kama shi har abinci ya zame masa abin firgita, kuma idonsa na nuna masa ƙiba a inda kowa ke ganin ƙashi. Ta ce ba taurin kai ba ne, ba kuma ƙarya yarinyar ke yi ba in ta ce ta ga kitse, da gaske take gani. Ta ce ba ciwon Turawa ko na 'ya'yan masu kuɗi kaɗai ba ne, yana kama 'yar kowa, har da maza. Na tambaye ta da baƙin cikina ko magana ɗaya ta tsokana za ta iya jawo shi. Ta ce ba abu ɗaya ke kawo shi ba, akwai halitta, akwai yanayin zuciyar mutum, magana takan zama tartsatsi ne kawai a inda busasshiyar ciyawa take. Na riƙe wannan amsa shekaru, wani lokacin tana yi mini amfani, wani lokacin ba ta yi.

Sai ta faɗi mai nauyin. Jikin da ya daɗe ba abinci yakan fara cin kansa, har tsokar zuciya. Bugun zuciyar Auta ya yi ƙasa. Ta gargaɗe mu kada a sake yi mata ɗura, kada kuma a cika mata ciki lokaci ɗaya, don hakan ma kan kashe. Sai an kwantar da ita an riƙa ba ta kaɗan-kaɗan ana auna jini, ga kuma likitocin ƙwaƙwalwa da za su zauna da ita su yi maganin tsoron. Ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Zariya, ta ce a tafi cikin satin.

Kalmar ƙwaƙwalwa ce ta ɓata komai. Da muka iso gida Baba ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"'Yata ba mahaukaciya ba ce. Yarinyar da ta kusa sauke Alƙur'ani za a kai cikin masu tsince-tsince? A bari a gama kwashe amfanin gona, in ba ta samu sauƙi ba sai a duba."

Ba mugu ba ne, ina so a san wannan. Ya sayar da tunkiya ya sayo madara da ƙwai da hanta, yana kawowa da kansa ya ajiye a ƙofar ɗakinmu. Amma sati uku takardar nan ta yi a aljihunsa. Ni da ya kamata in yi ta magiya ban da bakin magana, tunda kowa ya san inda abincin ya tafi. An raba mana kwano a lokacin, ana zuba mata nata daban kamar yadda ake yi wa majinyaci. Ihu bayan hari.

Sai da ƙafafunta suka kumbura ta kasa tashi alwala sannan aka ɗauki shatar mota zuwa Zariya. Ni na zauna jinya tare da Inna. Ma'aikatan sun yi iya yinsu, ba zan ɗora musu ba. A kwana na shida ta yarda ta karɓi kunu daga hannuna. Cokali huɗu ta sha, tana kuka a kan kowane ɗaya kamar ana yanka ta, amma ta sha. Da na ajiye kofin ta dube ni da idanun nan da suka yi zuru-zuru.

"Yaya, ke kin ci kuwa?"

Na ce na ci. Ta ce to madalla, ta lumshe ido. Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun ranar masara. Na ɗauka sauƙi ya fara samuwa ke nan. Kwana uku bayan haka, da hantsi, ana shirin auna ta, zuciyar ta tsaya. Shekararta goma sha shida da 'yan watanni.

A zaman makoki mata suka yi ta shigowa suna cewa 'yar aljanna ce, ta tafi da bakin azumi, irin wannan mutuwa ake roƙo. Ina fatan aljannar, kullum ina roƙa mata. Amma duk wadda ta faɗi haka sai in ji kamar in tashi in kife mata tiren dambun da ta kawo. Ba azumi ya kashe ta ba, ciwo ne, ciwo mai suna da magani, kuma a gabanmu ya ci ta muna sa mata albarka. Ban faɗa ba. Na zauna ina amsa gaisuwa, ga kwanuka jere a tsakar gida, abinci har ya rasa mai ci.

Yanzu ina da 'ya'ya mata biyu. Kowace da farantinta, kuma ina zama a gabansu har su gama. Surukata ta ce ina koya musu rowa da halin Turawa, wai a ina aka taɓa ganin uwa tana ƙirga wa 'ya'yanta loma. Nakan ce mata ta yi haƙuri, a gidana ana ƙirgawa. Duk wanda ya tsokani ɗayarsu da ƙiba ko rama, ko wane ne shi, ranar yakan ji bakina.

Inna ba ta taɓa yi mini maganar kwanon ba, har ta koma ga Allah. Abu ɗaya kawai ya faru. Bayan sadakar bakwai baƙi suka watse, gida ya koma namu, ta tuƙa tuwon masara da miyar kuka. Ta kwashe na Baba, ta kwashe na yayyenmu, sai ta jawo langar nan mai lotsattsen murfi. Ta saka malmala ɗaya. Ta sake cika mara, hannunta ya tsaya a sama, ta daɗe a haka, sannan ta mayar da tuwon tukunya. Ta turo mini kwanon ba ta dube ni ba.

Na ɗauka ba zan iya ci ba. Na zauna a inda muka saba zama, na yi bisimilla, na ci. Na cinye tas, na suɗe kwanon. Sai na tsaya ina kallonsa, don ban ƙoshi ba. Cikina ya riga ya saba da rabonta.